Ranar da Kawu Ya Ɗaura wa Rairayi Sarƙa

Akwai wani gurnani da mota mai dabal take yi idan an saka ta a ƙaramin giya tana hawan tudun rairayi. Ba kuka ba ne, ba kuma ihu ba. Nishi ne irin na raƙumin da aka yi wa lodi, ya yarda zai tashi, amma yana so kowa ya shaida bai ji daɗi ba. Dabal, ga wanda bai taɓa sauka daga kwalta ba, ita ce motar da ƙafafunta huɗu duka suke ja, ba biyu na ja biyu na biye kamar 'yan rakiya ba. Mu da muka yi samartaka da wannan nishin a kunne, ma'ana ɗaya muka san shi da ita: taimako na tafe. In aka jiyo shi daga nesa a ƙauye, mata su ɗora ruwan shayi, mai ciwo ya fara laluben takalminsa, mai saƙo ya hau maimaita saƙonsa don kada ya manta. Yanzu kuwa na ga da idona, a nan unguwarmu ta Alsahafa, yadda wannan ƙarar ta sa uwa ta fizgi ɗanta ta faɗa ɗaki ta danna sakata, tun daga lokacin da wani mai basira ya gano cewa bayan motar da aka ƙera don buhun dawa da gangar ruwa zai iya ɗaukar bindiga. Na ƙare ƙarfina a gaban allo ina koya wa yara cewa ɗan Adam kullum gaba yake ci. Ina fata ba su saurare ni sosai ba.

Waɗanda ba su ɗauko bindiga ba kuma, sun ɗauko girman kai. Da daminar da ta wuce na je gaisuwar rasuwa Dar Salam, can bayan Umdurman, inda ruwa kaɗan ke mai da titi kunu. Wata raksha, wato babur mai ƙafa uku, ta kafe a tsakiyar taɓo, da wani dattijo a ciki rungume da buhun gawayi. Sai ga wata ƙatuwar mota mai baƙin gilashi, irin wadda za ta iya ratsa kwari cike da ambaliya ba ta yi tari ba. Ta rage gudu, na ce alhamdu lillahi. Ashe ramin da zai ɓata mata fenti take dubawa. Ta kewaye su, ta watsa wa dattijon laka har rawani, ta wuce. Ɗan ƙanena ma yana da irinta. Iyakar dajin da take shiga shi ne tsakanin ƙofar gidansa da gada, sai ran Juma'a da yamma shi da abokansa su fita bayan gari su yi ta tsalle da ita a kan tudu, ɗaya na ɗaukar su hoto da waya. Na tambaye shi ko ya san yadda ake fid da ita in ta nutse. Ya yi dariya ya kira ni baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, an wuce nan. Yanzu motar ce ke yin tunani, kai maɓalli kawai za ka danna." Na ce, "To, madalla. Gara da aka samu mai yi a cikinku."

A zamaninmu babu maɓalli. In ƙasa ta fara laushi, direba zai tsaya ya sauko, ya tsuguna gaban kowace tayar gaba ya murɗa cibiyarta da hannu, ƙarfen na ƙona masa yatsu, sannan ya koma ya ja ɗan guntun giyan da ke gefen babban. Sitiyarin kuwa ba a riƙe shi kamar ana riƙe alƙalami. In ka sa babban yatsa a ciki, taya ta bugi dutse, sitiyarin ya juya da kansa, sai ka yi sallama da yatsan. Akwai hanyar da ruwa da iska suka ƙuƙƙulla kamar haƙarƙarin tsohuwar saniya. In ka bi ta a hankali haƙoranka su zube, in ka bi ta da gudu bayan motar ya yi ta rawa yana neman wuce gabanta, sai ka samo wani gudu na tsakiya da jikinka kaɗai zai gaya maka. Salkar ruwa na rataye a jikin bodi tana ɗiga, iska na sanyaya ta. Kuma in mota ta kafe, babu babba babu yaro: na ga alƙali ya naɗe jallabiya yana turi kafaɗa da kafaɗa da mai kiwon awaki, direba na yi musu tsawa su duka, ba wanda ya ga laifinsa. Sama da duka wannan akwai doka guda da ba a rubuta ta a ko'ina ba. Ba a wuce motar da ta kafe. Ko me ka ɗauko, ko wa ke jiranka, za ka tsaya. Wanda ya wuce, labarinsa zai riga shi isa tasha, kuma mai shayi ba za ta sake ganin kofinsa ba.

Ban fahimci nauyin wannan dokar ba sai a wata tafiya da na yi ina makarantar horon malamai, da Kakata da Kawuna.

Gidanmu ba su daɗe da tasowa daga ƙasar Gadarif zuwa Umdurman ba, bayan gonakin riɗi sun ƙi. Kaka, mahaifiyar Innata, tana budurwa ta baro ƙasar Hausa a ƙafa da uwarta da ƙanenta, da niyyar Makka. A wani ƙauye cikin rairayin yamma uwar ta rasu. Ƙanen, wanda har ta tsufa ba ta kira shi da wani suna ba sai Auta, ya ce shi ba zai bar kabarin ba. Kaka ta ce masa wanda ya yanke tafiyar Ɗakin Allah a tsakiya ba ɗan'uwanta ba ne, ta bi ayari ta wuce. Shi ya zauna ya yi aure cikin Larabawan wurin. Ita kuma ta kai Gadarif, aka tsaya noman damina ɗaya don a tara guzuri, damina ta bi damina, har jikoki suka zo. Ba ta taɓa ganin ko bakin teku ba. Wannan ɓangaren labarin ba mai taɓo shi a gidanmu sai wanda ya gaji da zaman lafiya.

Wata safiya wani mai fataucin raƙuma ya kawo saƙo cewa Auta yana kwance, kuma kwanciyar ba ta tashi ba ce. Kaka ta ce a nemo mota. A gaban mutane cewa take za ta je ne don ta ba shi damar ya roƙe ta gafara. Amma ni na ji ta bayan ta idar da walaha tana cewa a hankali, "Ya Rabbi, kada ka ɗauke shi da maganata a wuyana." Ta yanke zumunci da bakinta, kuma ta san in ya riga ta, babu sauran wanda zai warware mata.

Kawu, ɗanta, shi ya aro motar wani ɗan kasuwa da yake wa tuƙi, irin mai buɗaɗɗen baya da muke kira boks. Kada a yi masa rashin adalci: Kawu direba ne na gaske. A baƙar lakar Gadarif, wadda da damina take haɗiye jaki har kunne, sunansa ake kira in lori ta nutse. Ilminsa na taɓo ne, kuma cikakke: taya ta sha iska ta yi tauri, a naɗe ta da sarƙa, a ja da baya a zo da gudu, a taka totur kada a ɗaga ƙafa, taya ta yi ta haƙa har ta ciji ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi. Da wannan ilmin ya ciyar da gida. Don haka ya loda sarƙoƙinsa masu nauyi a bayan boks, ya shimfiɗa wa Kaka bargo a gaba, muka kama hanya.

A tashar ƙarshe ta bakin Umdurman muka tsaya shan shayi, inda direbobin yamma ke zama. Ɗaya ya leƙa bayan motarmu ya kira 'yan'uwansa, sannan ya dubi Kawu ya yi masa magana da Larabci.

"Ya zol, fursuna za ka kamo, ko zaki?"

Kawu ya ce, "Hanya zan kama."

"Ina saj ɗinka?" Saj wasu dogayen faranta ne na ƙarfe masu huji-huji, da ake shimfiɗa wa taya ta hau a kan rairayi. "Ina famfon hura taya? Kuma da wannan ranar za ka hau goz? Ka bari sai da sanyin safiya, lokacin da rairayi ke da ƙarfi."

Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce da ni da Hausa, "Ka ji su. Mutanen da ba su taɓa ganin ruwan sama ba za su koya mini tuƙi. Kowace ƙasa tana da gindi, ɗana. Ka dai haƙa, za ka tarar da shi."

Kaka ta leƙo ta taga ta ce, "In kun gama taron, ni ina da mai mutuwa."

Da farko tafiya ta yi daɗi. Ƙasa tsakuwa ce, motar na tafe tana kaɗa kai, Kawu na waƙa. Sannan tsakuwa ta fara ɓacewa, ƙasa ta yi ja, sitiyari ya fara yin abin da ya ga dama: ka juya shi dama, motar ta yi shawara tukuna. Rana na tsaka muka iso gindin goz, wato tudun rairayi, dogo shimfiɗe daga kudu zuwa arewa, ba ta inda za a kewaye. Kawu ya sauka ya murɗa cibiyoyin gaba, ya naɗa sarƙoƙinsa da kyau kamar mai yi wa ango naɗi, ya ja da baya, ya ce, "Inna, riƙe da kyau." Muka taho da gudu. Har tsakiyar tudun motar ta yi abin kirki. Sai ta fara nauyi. Kawu ya canza giya, a wannan ɗan numfashin ta tsaya cik. Ya taka totur. Sarƙoƙin nan suka yi aikin da aka ƙera su dominsa, suka haƙa da gaskiya da riƙon amana, rairayi na tashi ta ko'ina kamar ana sheƙar gero, mu kuwa muna sauka a hankali kamar guga a rijiya. Ya ci gaba da takawa yana jiran gindi. Sai da cikin motar ya kwanta a ƙasa, tayoyi huɗu suna juyawa a banza, lagireto na tafasa, sannan ya kashe ta.

Kaka ta buɗe ƙofa. Ba ta ko bukaci taka matakala ba, don ƙasa ta zo daidai ƙafarta. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ka samu gindin?"

Muka haƙa da shebur, muka haƙa da hannu. Duk abin da muka kwashe sai ya gangaro ya koma. Muka sa jak, jak ya nutse. Muka saro ƙirare muka cusa, sarƙa ta niƙe su. Rabin ruwan salka ya tafi cikin lagireto. Kaka ta zauna a ɗan inuwar da muka yi mata da bargo, tana kallon yamma, carbi na tafiya a hannunta da saurin da ban taɓa gani ba. Ta daina yi wa Kawu ba'a, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Can ta ce da ni, "Kai mai karatu, in mutum ya yi niyya ya kama hanya bai isa ba, ana rubuta masa?" Na ce ana rubutawa. Ta ce, "Haka na yi ta gaya wa kaina game da Makka. Wannan karon ba na son a rubuta mini niyya. So nake in isa."

Bayan la'asar muka jiyo nishin. Wata boks ta ɓullo ta kan tudun daga yamma, tana gangarowa a natse, tayoyinta a baje kamar tafin raƙumi. Ta zo daidai mu, ta wuce. Har na buɗe baki zan la'anci direbanta. Ashe mai hankali ba ya tsayawa a kan laushi. Sai da ya kai ƙasa mai tsakuwa ya tsaya, ya sauko, wani siririn Balarabe, ya saɓo saj a kafaɗa ya hawo da ƙafa. Ya yi sallama. Ya daɗe yana kallon sarƙoƙin nan. Ya ce, "Ma sha Allah." Sannan ya ce, "Ku cire su, ku yi sauri don Allah. Ina da marar lafiya a baya, asibitin Umdurman za mu."

A nan nake so mai baƙin gilashi ya tsaya ya saurara. Mutumin nan yana da uzurin da ya fi na kowa. A lissafin yau, da ya wuce, babu mai zarginsa, ni ma da na sa masa hannu a takardar jarrabawa na ce ya ci. Bai ma ɗauki tsayawar a matsayin alheri ba. Fuskarsa a murtuke take, yana ta duban rana. Ya tsaya ne kawai domin ba a wucewa.

Ya tsuguna ya fara sace iskar tayoyinmu da ɗan tsinke. Kawu ya dafe kai kamar ana yanka masa rago ba da izininsa ba. "Wannan zai kashe mini taya! Inna, kin ga abin da yake yi?" Amma Kaka ba ta nan. Ta ji an ce marar lafiya, kuma a tarbiyyarta ba a jin marar lafiya a kusa a zauna. Ta gangara da sandarta don ta yi masa sannu. Na bi ta don kada ta faɗi.

A bayan boks ɗin an ɗaure angarib, gadon igiya, an yi masa rumfa da zane. Wani tsoho na kwance, fari fat da gemu, ƙashi da fata, wani magidanci, da alama ɗansa ne, na yi masa fifita. Kaka ta ce, "Sannu, bawan Allah, Allah ya ba da..." Sai ta tsaya. Tsagar da ke kumatunsa irin tata ce, kamar hannu ɗaya ya yi su, kuma hannu ɗayan ne.

Ta ce, "Auta."

Ya buɗe ido. Ya ƙura mata ido. Sannan ya yi magana da Larabci, muryar kamar ana jan tabarma. Na matso na ce, "Kaka, cewa ya yi..."

"Rufe mini baki, malamin makaranta. Ban zo karɓar gafara ta bakin tafinta ba." Ta juya gare shi. "Kai kuma, da harshen uwarmu za ka yi mini magana. A kan kabarinta ka zauna, ba ka tsinci ko kalma ɗaya a wurin ba?"

Leɓunansa suka yi ta motsi, yana neman kalmomin da ya binne tun yana saurayi. Da ƙyar ya ce, "Yaya. Kin kai?"

Ɗansa ya daina fifita. Ni na sunkuyar da kai.

Kaka ta ce, "Ban kai ba."

Tsohon nan ya fara dariya. Dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, ɗansa ya tallafo shi yana hararar mu, shi kuwa hawaye na bin tsagarsa yana nuna ta da yatsa. Kaka ta ce, "Yi dariyarka, marar kunya. Ka tsufa ba ka yi hankali ba." Amma ta riga ta kama hannun da yake nuna ta da shi.

Ya ce, "Ki... yafe."

"A'a. Ni na yi furucin, ni zan fara nema."

"Ni ne ƙarami."

"Yau ka tuna kai ne ƙarami? Da na ce ka taso mu tafi, ba ka tuna ba."

Suna cikin wannan gardamar, ta wa zai riga wa, muka ji gurnani daga kan tudu. Motarmu ta hau saj a ƙaramin giya, ba gudu ba hayaniya, ta taso daga raminta kamar mai tashi daga sujada, ta juyo ta gangaro a kan tayoyin da suka yi laushi. Kawu na riƙe da sitiyari da fuskar wanda aka yi wa gori a gaban surukai. Direban ya zo yana karkaɗe hannu ya ce, "Ya hajja, rana na tafiya." Hajja yake kiran kowace tsohuwa, bai san inda ya taɓa ba. Auta ya sake fara dariya. Kaka ta ce, "Ɗaga ni," ta sa ƙafa a kan taya, muka tura ta ta hau, ta zauna a gefen angarib ta ɗora kansa a cinyarta, ta karɓe mafici daga hannun ɗansa ba ta ko tambaye shi ba.

Mu ba mu iya bin su ba, don injinmu ya sha wuya, tafiya kaɗan sai ya tafasa. Direban ya bar mana saj biyu da rabin ruwansa, ya ce mu bi sawunsa kada mu kauce, mu ajiye masa kayansa wurin mai shayi a tasha. Bai tambayi sunanmu ba. Sai washegari da hantsi muka shigo Umdurman. Tun daga bakin lungu muka hango an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune. Auta bai kai asibiti ba. An ce ana hango hasumiyoyin gari ya cika.

Na shiga cikin gida na tarar da Kaka a tsakiyar mata, zaune a miƙe, idonta a bushe. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Na kasa haƙuri na ce, "Kaka, kun samu kun yafi juna?"

Ta ce, "Tun kafin mu bar rairayin. Shi ya riga ni, ɗan banza, ya faki ina gyara masa matashi." Ta murza bakin mayafinta. "Wannan an gama. Faɗan ne ban gama yi masa ba."

Sai ta ja mayafin ta rufe fuskarta.